A Jinjina wa Daraktocin da Ba Su Cika Tambaya Ba

Akwai wasu bayin Allah da ake cin namansu duk lokacin da wani babban kamfani ya durƙushe, kuma yau na ɗauki alƙalami in share musu hawaye. Su ne daraktoci, dattawan nan da masu hannun jari ke zaɓa su zauna a hukumar kamfani, su sa ido a kan manajan darakta da muƙarrabansa. Da zarar kamfani ya kife, sai ka ji 'yan jarida da sauran masu neman magana suna tambaya wai ina daraktoci suke sa'ad da ake kwashe dukiya. To ina kuwa za su kasance? Suna nan daram a kujerunsu, kowa da kofin shayinsa. Littafin halarta shaida ne, babu wanda ya yi fashin zama, kuma babu wanda ya manta ya sa hannu a takardar alawus.

Masu ƙaramin sani sun ɗauka aikin darakta shi ne ya karanta takardu, ya yi tambaya, in amsa ba ta gamsar da shi ba ya ce bai yarda ba. Wannan ai aikin mai gardama ne a bakin kasuwa. Mutumin da aka gayyato cikin girma da arziki, aka aika mota ta ɗauko shi daga filin jirgi, aka sauke shi a otal mai hawa ashirin, ta yaya zai shigo ɗakin taro ya titsiye wanda ya gayyato shi? In baki ya ci, dole ido ya ji kunya, kuma kunya ado ce ga dattijo.

Duk mai son ganin wannan sana'a a matakinta na ƙoli, ya leƙa birnin Houston na jihar Texas a Amurka, ya nemi labarin hukumar kamfanin makamashi na Enron. Kamfani ne da ya bayyana cinikin dala biliyan 101 a shekarar 2000, wanda mujallar Fortune ta yi shekara shida a jere tana naɗa shi gwarzon ƙirƙira a duk faɗin Amurka. Hukumarsa kuwa sai wanda ya gani. Shugaban kwamitin binciken kuɗi shi ne Robert Jaedicke, farfesan ilmin akanta wanda ya taɓa shugabantar makarantar koyon kasuwanci ta Jami'ar Stanford. Ga Wendy Gramm, wadda ta taɓa shugabantar wata hukumar gwamnati mai sa ido a kan hada-hadar kasuwanni. Ga Lord Wakeham, tsohon minista a Ingila. A shekarar 2000 mujallar Chief Executive ta sa wannan hukuma cikin biyar mafi nagarta a ƙasar. Kowane darakta na tashi da abin da ya kai dala 350,000 a shekara, tsakanin tsabar kuɗi da hannun jari. In kana da kyau ka ƙara da wanka: shi Lord Wakeham har da wata dala 6,000 a kowane wata, ladan ba kamfanin shawara, wato kamfanin da aka ɗora shi ya sa wa ido.

Enron na da kundin ɗa'a mai shafi 64, kuma a ciki akwai ƙa'idar da ta hana ma'aikaci yin ciniki da kamfanin don amfanin kansa. Sai ga babban jami'in kuɗi, Andrew Fastow, ya zo da wata dabara a 1999. Yana so ya kafa nasa kamfanin na gefe, wanda ya raɗa wa suna LJM daga haruffan farko na sunayen matarsa da 'ya'yansa biyu, domin ya riƙa sayen kadarori daga Enron. Da safe shi ne mai sayarwa a madadin masu hannun jari, da rana shi ne mai saye a madadin aljihunsa. Wata hukumar marar tarbiyya da sai ta ce an ba kura ajiyar nama. Wannan kuwa ta dubi lamarin da idon basira, ta ga ƙa'ida ce kawai ta tsaya a hanya, sai ta ɗage masa ita a watan Yuni. Da ya dawo a watan Oktoba da na biyu, wanda ya ninka na farko girma, ta sake ɗagewa. Wasu kan karya doka a ɓoye cikin dare. Su waɗannan da rana tsaka suka yi nasu, aka kawo ƙuduri, aka goyi baya, sakatare ya rubuta. Ko maƙiyinsu ba zai ce ba su bi tsari ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne kawaici. Shekara biyu Fastow na cin kasuwarsa, babu daraktan da ya san nawa yake samu. A watan Oktoban 2000 an ɗora wa shugaban kwamitin albashi ya binciko. Ya tambayi ofishin kula da ma'aikata, ba a kawo masa ba. Ya sake tambaya, shiru. Sai ya yi abin da kowane mai mutunci zai yi, ya bar maganar, don naci ba halin manya ba ne. Sai bayan shekara guda, da jaridar Wall Street Journal ta fara tone-tone, daraktoci biyu suka buga wa Fastow waya suka tambaye shi kai tsaye. Ya ce dala miliyan 45. Amsar tana nan tun tuni, waya ɗaya ce tsakaninsu da ita, amma suka daure. Irin wannan haƙuri ba a sayensa a kasuwa.

Ga kuma kiyaye lokaci. Rahoton binciken da ita kanta hukumar ta sa aka yi bayan komai ya lalace ya nuna cewa bitar da kwamitin binciken kuɗi kan yi wa cinikayyar LJM ba ta wuce minti goma zuwa sha biyar ba. Ni ko buhun masara zan saya a Dawanau, sai na fi haka ina tayi. Su kuwa harkar miliyoyin daloli suke warwarewa kafin shayi ya huce. Tun watan Fabrairun 1999 oditocin kamfanin, wato Arthur Andersen, suka shaida wa kwamitin cewa salon lissafin Enron yana bakin gaɓa, akwai haɗari babba. Kwamiti ya saurara, ya gode, aka wuce batu na gaba a ajanda. Me zai tayar musu da hankali, alhali Andersen ɗin ta karɓi dala miliyan 52 daga Enron a shekarar 2000, miliyan 25 na bincike, miliyan 27 na ba da shawara? Odita da ke cin tuwo biyu a gida ɗaya ai ya zama ɗan gida, kuma ɗan gida ba ya tona asirin gida.

Har mu ma an taɓa mu da albarkar wannan fasaha. A ƙarshen 1999 Enron na da hannu a wasu jiragen ruwa masu ɗauke da injinan wutar lantarki da aka tanada domin Legas. Shekara na shirin ƙarewa, riba ba ta cika ba, sai aka “sayar” wa bankin Merrill Lynch wani kaso, aka rubuta ribar dala miliyan 12. Bayan wata shida wa ya zo ya karɓi kayan daga hannun bankin? LJM na biyu. Kaya sun zaga sun dawo gida, riba ta zauna a littafi, manya sun sami tukuicin ƙarshen shekara. A waccan shekara ta 2000 kamfanin ya raba kusan dala miliyan 750 na tukuici, ribarsa duka kuwa miliyan 975 ce.

Ba a rasa ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa. A watan Agustan 2001 wata jami'a mai suna Sherron Watkins ta rubuta wa shugaban kamfanin, Kenneth Lay, cewa tana tsoron badaƙalar lissafi za ta rusa su. Aka karɓi ƙorafinta hannu bibbiyu, aka miƙa wa kamfanin lauyoyi na Vinson & Elkins ya bincika, wato lauyoyin da suka yi aiki a kan wasu daga cikin cinikayyar da ake ƙorafi a kai. Telan da ya yi ɗinki aka ba ya duba ko ɗinkin ya karkace. Ya duba, ya ce babu buƙatar zurfafa bincike. Ranar 2 ga Disamba, 2001, Enron ta bayyana karyewa. Hannun jarin da ya kai dala 90 a Agustan 2000 ya koma bai kai dala 1 ba. Ma'aikata kusan 4,000 aka sallama nan take, kuma fiye da dala biliyan 1 na kuɗin fanshon ma'aikata ya bi ruwa, domin a hannun jarin kamfanin aka zuba yawancinsa. An yanke wa Fastow ɗaurin shekara 6, tsohon manajan darakta Jeffrey Skilling aka yanka masa 24 kafin a rage zuwa 14, Lay ya mutu a 2006 kafin a yanke masa hukunci. Daraktocin da aka ɗauko daga waje don su sa ido kuwa, ko ɗaya bai kwana a kurkuku ba. A 2005 goma daga cikinsu suka yarda su biya dala miliyan 13 daga aljihunsu, kimanin kashi goma cikin ɗari na ribar da suka ci da sayar da hannun jarinsu. Ushiri suka fitar, suka riƙe tara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duniya ta ɗauki darasi, kuma darasin da ta ɗauka shi ne a ƙara takardu. Amurka ta yi dokar Sarbanes-Oxley a 2002. Ingila, wadda tun 1992 take da rahoton kwamitin Sir Adrian Cadbury a kan shugabancin kamfanoni, ta ƙara da cewa kowace hukuma ta riƙa auna ƙwazonta duk shekara, daga baya aka ce manyan kamfanoni su riƙa ɗauko mai tantancewa daga waje aƙalla sau ɗaya a shekara uku. Wannan ita ce ni'imar da nake so mai karatu ya tsaya ya kalla da kyau, don ban san wata jarrabawa da ta kai ta daɗi ba.

Ga yadda akan yi ta a inda aka iya. Sakataren kamfani zai raba fom. Tambaya ta farko: shin hukuma na zama a kan kari? Ƙwarai. Shin takardun taro na isowa da wuri? Suna isowa, shafi ɗari huɗu, kwana biyu kafin zama, kuma fom bai tambayi ko an buɗe su ba. Shin akwai fahimtar juna tsakanin hukuma da shugabannin gudanarwa? Nan kam maki biyar cikin biyar, tunda ba a taɓa jin kansu ba. Shin shugaban hukuma na ba kowa damar magana? Yana bayarwa, kowa kuma yakan yi amfani da damarsa ya ce, “Ranka ya daɗe, na goyi baya.” Daga nan Alhaji ya auna Cif, Cif ya auna Farfesa, Farfesa ya auna Janar mai ritaya, Janar ya auna Alhaji. An ce yabon kai jahilci ne, shi ya sa aka tsara abin yadda kowa zai yabi na kusa da shi. Mai tantancewa na waje zai tattara, ya zana jadawali mai launi-launi, ya kai wa shugaban hukuma, wato mutumin da zai sa hannu a biya shi, kuma zai yanke ko a sake kiransa baɗi. Sakamako ya fito a rahoton shekara cikin layi biyu: hukuma na aiki yadda ya kamata, sai dai a ƙara yawan bita a ƙasashen waje.

Kada a ce zuƙi ta malle nake yi. Kamfanin gine-gine na Carillion a Ingila, mai ma'aikata kusan 43,000, ya sanar a rahotonsa na 2016 cewa an tantance hukumarsa an same ta tana aiki sosai da sosai. A watan Yunin 2017 ya raba wa masu hannun jari riba, a Yuli ya ce ya gano giɓin fam miliyan 845 a kwangilolinsa, ranar 15 ga Janairu, 2018, aka rufe shi da fam miliyan 29 kacal a asusu da bashin da ya doshi fam biliyan 7. Likita ya duba marar lafiya ya ba shi takardar ƙoshin lafiya, kuma har ranar jana'iza babu wanda ya sami kuskure ko ɗaya a takardar.

Mu ma a Nijeriya ba a bar mu a baya ba. Kamfanin Cadbury na nan gida, mai ɗauke da sunan gidan da Sir Adrian ya fito, shi ne a 2006 aka gano an kumbura lissafinsa da kusan naira biliyan 13. Albasa ba ta yi halin ruwa ba. A dai wannan shekara, bayan gwamnan Babban Banki na lokacin, Charles Soludo, ya haɗe bankuna daga 89 zuwa 25, Babban Banki ya fitar da kundin ƙa'idojin shugabanci wanda ya wajabta wa kowane banki ya ɗauko masani daga waje ya tantance hukumarsa duk shekara. Ƙa'ida ta yi kyau ƙwarai. Shekara uku bayan haka, ranar 14 ga Agusta, 2009, magajinsa Sanusi Lamido Sanusi ya tuɓe shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, Intercontinental da Oceanic da Union da Afribank da Finbank, aka zuba musu naira biliyan 420 don kada kuɗin masu ajiya ya salwanta. Da aka gama duba sauran, kuɗin ceto ya kai biliyan 620. A laccar da ya gabatar a Jami'ar Bayero ta Kano a watan Fabrairun 2010, Sanusi ya ba da labarin bankin da ya ci bashi ya sayi jiragen sama, aka yi musu rajista da sunan ɗan shugaban bankin, da wani bankin da shugabanninsa suka kafa kamfanonin bogi har ɗari. Ya kuma ce wasu daraktocin an yaudare su, wasu ba su da sanin da za su tsawata, wasu kuwa su da kansu suke karɓar rance babu jingina. Ni dai na ukun nan ne suka fi ba ni sha'awa, domin babu shaidar amincewa da banki da ta wuce darakta ya ɗebi kuɗinsa. Shugabar Oceanic, Cecilia Ibru, ta amsa laifi a 2010, aka ɗaure ta wata shida, ta sallama kadarorin da aka ƙiyasta sun kai naira biliyan 190. Dukiya mai wannan yawa ta fita ta ƙofar da aka ajiye dattawa su tsare, ba ta ko taka ƙafar ɗayansu ba. Wannan ladabi ne daga ɓangarorin biyu.

Ina da wani kawu, tsohon hedimasta, wanda a 2007 ya kwashi kuɗin sallamarsa ya sayi hannun jarin wani banki da ba sai na kama suna ba. Na raka shi babban taron masu hannun jari sau ɗaya. Mun kwana a mota, muka isa zauren da sanyin na'ura ke ratsa ƙashi. A bakin ƙofa aka ba kowa jaka, a ciki akwai lema da kalanda da rahoton shekara mai nauyin bulo. Daraktoci suka jeru a kan dandamali, babbar riga na gogar kwat. Wani shugaban ƙungiyar masu hannun jari ya karɓi makirufo ya yi minti goma yana kirari, ya ce tun da yake bai taɓa ganin hukuma irin wannan ba, ya roƙa a ƙara musu alawus. Kawu ya zauna yana karanta rahoton da tabarau, ya ja layi a ƙarƙashin wani ɗan ƙaramin rubutu can wajen ƙarshe, inda aka lissafa rancen da aka ba kamfanonin da ke da alaƙa da daraktoci. Ya ɗaga hannu. Ya daɗe da hannu a sama, kamar yadda ɗalibansa suka yi masa shekara talatin. Ciyaman ya dubi dama, ya dubi hagu, ya ce tunda babu sauran tambaya, masu goyon baya su ce e. Zaure ya amsa. Kawu ya sauke hannu ya ce mini, “Ɗana, tashi mu nemi mota.” Da kasuwar hannun jari ta faɗi da kusan kashi 70 cikin ɗari tsakanin 2008 da 2009, takardun nasa suka koma cikin adakar ƙarfe a ƙarƙashin gado. Lemar kuwa, in faɗi gaskiya, mai ƙwari ce. Har yau da ita yake zuwa masallaci da damina.

Saboda haka ina da 'yan shawarwari don a kare wannan gado. Kundin ƙa'idojin shugabancin kamfanoni na Nijeriya na 2018 ya tanadi tantance hukuma duk shekara, da mai tantancewa na waje aƙalla sau ɗaya a shekara uku. Madalla, amma a kula kada wani mai rawar kai ya cusa tambayoyin da za su ɓata zumunci. Kada a tambayi sau nawa hukuma ta mayar da buƙatar manajan darakta a shekarar da ta wuce. Kada a tambayi ko kwamitin binciken kuɗi ya taɓa ganawa da odita babu manaja a ɗakin, ko nawa kowane darakta da iyalinsa da kamfanoninsa suka ci bashi, ko kujerun hukuma nawa mutum ɗaya ya haɗa. Wajen zaɓen sabon darakta a ci gaba da duba abin da ya dace, wato wanda suka yi makaranta tare da Ciyaman, ko surukinsa, ko mai sarautar da sunansa zai ƙawata takarda. In an yi kuskure aka shigo da mai yawan tambaya, kada a kore shi, don kora na jawo surutu. A rubuta a fom ɗinsa cewa ba ya tafiya da jama'a, wa'adinsa na cika a yi masa liyafar ban kwana da agogon bango. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Ga masu cewa waɗannan dattawa 'yan amshin Shata ne, ina roƙon su janye, domin an ci mutuncin 'yan amshi. Su 'yan amshi sai sun saurari waƙar kafin su amsa, kuma ba su taɓa amsa abin da ya cinye fanshon kowa ba.

Kai kuma mai karatu, in kana da hannun jari ko guda ɗari ne, ko kana da kuɗin fansho da aka zuba a wani kamfani, to da kuɗinka ake sayen wancan shayi, kuma da sunanka waɗancan mutane ke zaune. In an zo taron shekara, karɓi lemarka, babu laifi. Amma ka buɗe shafin rancen daraktoci, ka miƙe tsaye ko ba a kira ka ba, ka tambayi Ciyaman yaushe rabon da hukumarsa ta ce wa manajan darakta a'a, kuma a kan me. In aka yi shiru ana duban juna, ka riga ka gama tantance su, kuma ba ka biya kowa ko sisi ba.